Wai mene ne wannan "man gashi na nano", kuma da gaske yana fito da gashi?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah masu ilimin magani da masu harkar gyaran jiki ku taimaka min da bayani. Ni ina haɗa man gashi ne a gida ina saidawa, yanzu shekara uku kenan, man kwakwa da man zaitun da na habbatus sauda nake haɗawa, in jiƙa hulba da kanumfari da busasshen ganyen rosmari a ciki na sati biyu zuwa uku sannan in tace in zuba a kwalba, kuma alhamdulillahi ana saye, ta sitatus ɗin WhatsApp kawai nake talla. To kwanan nan kwastomomina biyu suka daina saye, da na bi ba'asi sai ɗaya ta turo min hoton wata ƴar mitsitsiyar kwalba, mil 30 ce kawai amma wai naira dubu 15, an rubuta nano rosmari a jiki, ta ce mai saidawar ta gaya mata irin namu a saman fata yake tsayawa ya toshe ƙofofin gashi, shi kuwa wannan har cikin saiwa yake shiga saboda an niƙe shi da na'ura. Nawa mil 100 dubu uku da ɗari biyar nake bayarwa fa.

Abin da nake so in sani, mene ne nano ɗin nan tukuna, gaskiya ne ko dai sabon salon cin kuɗin mata ne? In gaskiya ne zan iya yi a gida, don ina da bilenda mai ƙarfi sosai irin ta niƙan busassun kaya. Sannan ni kaina tun da na haifi tagwaye wata biyar da suka wuce gaban goshina ya cinye, in na taje kai sai in ga gashi dam a mataji, man nawa ma ina shafawa kullum amma ban ga wani sauyi ba, kunya ma nake ji kwastoma ta ga kaina ba ɗankwali. Ga maigida shi ma sanƙo ya fara masa sallama ta tsakiya. In abin nan yana aiki wallahi gara in saya mana ko da tsada. Na gode.

Baban Hula:

Wa alaikumussalam Maman Biyu. Ni dai ba masani ba ne amma ina da digiri a kan sayen maganin sanƙo, tun ina ɗan shekara 27 abin ya fara min yanzu ina neman 41, babu abin da ban shafa ba, man zurma, man shanu, albasa da tafarnuwa har uwargida ta kore ni falo na kwana uku, wani ma ya ce in samo kitsen damo. Sakamakon dai shi ne yanzu huluna goma sha biyu gare ni. Babana mai sanƙo ne, kawuna na wajen uwa ma haka, to ina zan gudu. Ki gaishe min da maigida ki ce masa muna maraba da shi a ƙungiya, ba a biyan kuɗin rajista.

Amma da gaske ni ma ina so in ji bayanin nano ɗin nan don na ga tallan a TikTok ya fi sau goma.

Ɗan Farmasi:

Hajiya Maman Biyu sannu da ƙoƙari, Allah ya raya tagwaye. Bari in ɗan yi dogon rubutu don a ɓangaren haɗa magunguna na yi karatu, kuma abin yana ba ni haushi yadda ƴan talla suke ɗaukar kalmar kimiyya ta gaskiya su manna ta a kan komai.

Nano ma'auni ne kawai, kamar ki ce mudu ko kamu. Ki ɗauki milimita ɗaya, wato ɗan ƙaramin layin nan na jikin rula, ki raba shi gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. To idan aka ce man nano, ana nufin an farfasa man ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana masu girman nanomita 100 ko 200 ko 500, kowane ɗigo an lulluɓe shi da wani sinadari da zai hana shi komawa ya haɗe da ɗan uwansa, suna yawo a cikin ruwa. Wani lokacin kuma a cusa man a cikin ƴan ƙwayoyin kitse mai daskarewa. Ba sabon abu ba ne ko kaɗan, tun 1986 kamfanin Dior ya fito da man shafawa mai irin waɗannan ƴan kumfan kitsen da ake kira lifosom, su kuma ƙwayoyin daskararren kitse a farkon shekarun 1990 aka ƙirƙiro su, Rainer Müller a Jamus da Maria Rosa Gasco a Italiya.

Me ya sa ake wahalar yin haka? Saboda fata katanga ce, Allah ya yi ta ne don ta hana abu shiga. Saman fatar nan da kike taɓawa matattun ƙwayoyi ne jere kamar bulo da siminti, abu kaɗan ne yake iya ratsa ta. Amma akwai ƙofa, ita ce ramin da gashi yake fitowa, kuma a can ƙasan ramin ne saiwar take. Matsalar ita ce ramin ba fanko ba ne, cike yake da maiƙon da jiki yake fitarwa, kuma maiƙon waje yake turowa ba ciki ba.

A nan ne binciken da ya fi burge ni ya shigo. A asibitin Charité da ke Balin, Farfesa Jürgen Lademann da mutanensa a 2007 sun ɗauki wani rini mai ƙyalli suka raba biyu, ɗaya a cikin ƙwayoyi masu girman nanomita 320, ɗaya kuma haka nan a narke. Da aka shafa kawai aka bari, babu wani bambanci sosai. Amma da aka murza wajen, wato aka yi tausa, sai mai ƙwayoyin ya nutsa cikin ramin gashi fiye da ɗayan nesa ba kusa ba. Kuma a fatar mutum an ci gaba da ganin sa a cikin ramin har kwana 10, ɗayan kuwa kwana 4 ya ɓace. Dalilin da suka bayar shi ne jikin silin gashi ba santsi ne da shi ba, ɓawo-ɓawo ne a jere kamar na kifi, to idan gashin yana motsi sai ɓawon ya riƙa tura ƙwayoyin ƙasa kamar haƙoran giya na keke. A 2011 suka sake gwada girma daban-daban, sai ya zama masu wajen nanomita 640 ne suka fi nisa, sun fi ƙananan ma, saboda girmansu ya yi kusa da kaurin ɓawon. Kin ga kenan zancen "iya ƙanƙantarsa iya shigarsa" da ƴan talla suke yi ba haka yake ba.

Akwai wasu amfanin kuma. Man rosmari da na na'a-na'a na asali, wanda ake tatsa da tururi, tashi yake yi a iska, rana da zafi suna lalata shi, in ya yi yawa kuma ya ƙona fata. In aka rufe shi a ƙwaya yakan fi daɗewa, ya riƙa fita a hankali, kuma ba ya barin kai da danƙo.

To amma fa Hajiya, duk wannan bayanin mota nake ba ki, ban ce komai a kan fasinja ba. Nano ɗan dako ne, abin da aka ɗora masa shi zai kai. In abin da ke ciki ba ya tsiro da gashi, ko har cikin ƙwaƙwalwa aka kai shi ba zai tsiro ba. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce su mayukan kansu me aka gani a kansu.

Na rosmari, duk hayaniyar da ake yi a intanet kusan a kan bincike ɗaya ta tsaya, wanda aka buga a 2015 daga Iran. Mutum 100 masu sanƙon gado, 50 aka ba su man rosmari, 50 aka ba su minoksidil, wato maganin sanƙo na shafawa, mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari. A wata uku babu wanda ya ga komai, a wata shida duka ɓangarorin gashi ya ɗan ƙaru kuma ba a ga bambanci tsakaninsu ba, sai dai masu minoksidil sun fi kukan ƙaiƙayi. Daga nan ne aka samo "rosmari daidai yake da minoksidil". Amma ki lura, minoksidil ɗin da aka fi ba maza mai kashi 5 ne ba 2 ba, ƙarin da aka samu ɗan kaɗan ne, sannan babu rukuni na uku da aka ba man banza don a ga ko tausar da suke yi kullum ce ma ta yi aikin. Na na'a-na'a kuwa a Koriya ta Kudu aka yi a 2014, kashi 3 cikin ɗari, sati huɗu, ya ma fi minoksidil a gwajin, amma a jikin ɓeraye. Akwai na man ƴaƴan kabewa shi ma Koriya 2014, maza 76, miligiram 400 kullum na sati 24, yawan gashi ya ƙaru da kashi 40 a masu sha, kashi 10 a waɗanda aka ba na bogi, to shi kuma sha aka yi ba shafawa ba, kuma kafsul ɗin da wasu sinadaran a ciki ban da kabewa.

Su kuma binciken da suka haɗa biyun, wato man tsiro a cikin ƙwayoyin nano, ana ta buga su daga Indiya da Masar da Barazil da Tailan da sauransu, amma in ka buɗe yawancinsu abin da za ka tarar shi ne an aske bayan ɓera an shafa an ɗauki hoto bayan sati uku, ko an gwada a yankakkiyar fata a ɗakin gwaji. Ɓera kuwa fatarsa ta fi tamu siranta, gashinsa in ka aske da kansa zai dawo, kuma ba ya gadon sanƙo daga babansa kamar Baban Hula. Ni a ganina dabara ce mai kyau da ta cancanci a ci gaba da bincike, amma ba ta kai a ce wa mace ta cire dubu 15 ba.

Baban Hula:

Malam Ɗan Farmasi wato ɓera ma ya fi ni gata kenan, shi an yi masa bincike gashinsa ya fito ni ina nan. Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru, musamman maganar mota da fasinja.

Anti Mai Kitso:

Maman Biyu ƴar uwa ni ban san nano ba amma na san kan mata, sama da shekara ashirin ina kitso, kuma zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi, yawancin gaban goshin da ya cinye a garin nan ba rashin mai ne ya cinye shi ba, mu ne da hannunmu. Mace za ta zo ta ce Anti a ja sosai ya kwana biyu, a kamo har ƴan ƙananan gashin gaba kar a bar ko ɗaya, a yi shuku ko Gana wibin da atach mai nauyi, ta tashi ido ya ɗage kamar an ja mata fatar fuska, daren nan ba za ta iya kwanciya a filo ba sai ta sha farasitamol, bayan kwana biyu ki ga ƴan ƙuraje farare sun jeru a bakin kitson. To wannan ƙurajen saiwa ce take kuka. A tsefe yau gobe a sake, ga ribom a ɗaure tamau, ga acuci maza a ɗora a baya yana ja, ga ɗaurin ɗankwali yana gugar waje ɗaya kullum. Sai in an shekara biyar ana haka a zo ana neman mai na dubu ashirin.

Ni yanzu in mace ta zauna na ga gabanta ya fara haske ba na kama shi, ko za ta yi fushi, kalaba manya nake mata sakwa-sakwa in ce ta bar shi ya huta wata uku. Da yawa ya dawo ba tare da sun shafa komai ba sai man kaɗanya. Wasu kuma wallahi bai dawo ba, wajen ya yi sumul yana sheƙi kamar goshi.

Kuma kar ki raina man da kike haɗawa. Aikinsa daban ne, yana sa gashi laushi ya daina karyewa wajen taza, kuma irin gashinmu karyewa ce babbar matsalarsa ba rashin tsiro ba. Ki duba cebe da matan Chadi suke sawa, ai a jikin gashin suke shafe shi su kitse, ba a fatar kai ba, tsawon da ake gani na rashin karyewa ne. Kawai dai ki daina rubuta "yana fito da gashi cikin sati biyu" in kina rubutawa, don na san duk haka kuke yi, lol.

Maman Biyu:

Anti kin kama ni, wallahi haka na rubuta a sitika, sati uku dai na sa ba biyu ba. Kuma maganar kitso gaskiya ce, na suna da aka yi min sai da na yi kwana biyu ina jin kaina kamar ba nawa ba. Malam Ɗan Farmasi na gode sosai Allah ya ƙara basira, amma ba ka ce komai a kan bilenda ba, sannan yaya zan gane ko na kwalbar can nano ne da gaske? Kuma ka ce yankakkiyar fata, fatar me?

Ɗan Farmasi:

Bilenda ba za ta yi ba Hajiya, kar ki ƙona ta a banza. Iyakar abin da za ta ba ki shi ne irin haɗin mayonis, ɗigon man zai tsaya a dubban nanomita, bayan kwana kaɗan ya rabu mai a sama ruwa a ƙasa. Na'urar da ake amfani da ita matse haɗin take yi ta wata ƴar siririyar kafa da ƙarfin matsi da ya kai 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake kira bar, ki tuna iskar tayar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu ba. Ko kuma a yi da na'urar da ke farfasa shi da girgizar sauti. Bayan an gama sai an saka a wata na'urar mai hasken leza ta auna girman, in ba haka ba kai da ka haɗa ma ba ka san me ka haɗa ba. Kuma abin da ya fi damuna, da zarar kin sa ruwa a haɗinki kin buɗe wa ƙwayoyin cuta da fumfuna ƙofa, sai da sinadarin hana lalacewa. Yanzu da yake naki zallan mai ne da busassun kaya ya fi aminci, ki dai tabbata ganyen ya bushe ƙarau, kwalba mai duhu, kar ki bari a rana.

Gane na gaskiya da ido ba ya yiwuwa ɗari bisa ɗari, amma ki juya bayan kwalbar ki karanta jerin abin da ke ciki, a ƙa'ida wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In da gaske ɗigon mai ne a cikin ruwa za ki ga ruwa a farko, sukan rubuta aqua, sannan ki ga irin su lecithin ko polysorbate, su ne masu riƙe ɗigon. Kamanninsa kuma ruwa-ruwa ne, ko fari kamar madarar da aka tsinka ko mai ɗan shuɗi-shuɗi da haske yana ratsawa, ba ya danƙo a hannu. In kin ga zallan mai ne daga sama har ƙasa to da wuya a ce akwai wata ƙwaya a ciki, mai a cikin mai narkewa kawai yake yi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A Tarayyar Turai tun 2013 doka ta tilasta a rubuta kalmar nano cikin baka bayan sunan sinadarin a cikin jerin, amma dokar tana magana ne a kan ƙwayoyin da ba sa narkewa masu girman nanomita 1 zuwa 100, don haka yawancin na kitse ba su ma shiga ciki ba, shi ya sa kowa yake buga kalmar a gaban kwali yadda ya ga dama. Wani abu kuma, ko na gaskiyar ne, in ya sha zafin kwantena da na shago wata da watanni ɗigon yakan haɗe ya girma, nanon ya tafi ya bar suna.

Fatar da kika tambaya, yawanci ta kunnen alade ce don ita ta fi kama da ta mutum wajen kauri da ramukan gashi. A ɗakin gwaji kawai ake amfani da ita, ba a saka ta a cikin man, kar wani ya ɗauka ya yaɗa. Abin da dai wasu za su so su sani shi ne akwai nau'in da ake haɗawa da sifirit mai yawa don ya taimaka wajen ratsa fata, shi ma za ki gan shi a jerin, hukuncinsa kuma na bar wa malamai.

Ƙarin shawara tunda sana'arki ce, in za ki ƙara man rosmari na asali mai ƙarfin nan a haɗinki kar ya wuce kashi 2 cikin ɗari, wato mil 2 a kwalbar mil 100, kusan ɗigo 40. Ki ce wa kwastoma ta fara gwadawa a bayan kunne ta kwana. Masu amosani kuma su rage labta mai a fatar kai, don naman gwarin da ke haddasa shi maiƙo ne abincinsa.

Likitar Fata:

Salam. Na karanta duka, bayanin Malam ya wadatar a kan nano, ni kan Maman Biyu da na maigidanta zan yi magana don ba ciwo ɗaya ba ne.

Ƴar uwa naki da alama zubar gashin jego ce ta haɗu da jan kitso. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai ya zubo gaba ɗaya, shi ne kike gani dam a mataji. Yawanci yana tsayawa da kansa, kafin yara su shekara kai ya cike. Amma tagwaye kika haifa kuma kina shayar da biyu, don haka ki je a duba jininki, a duba sinadarin ƙarfe, in da hali har da tayirod na maƙogwaro, musamman in kina jin kasala ko jiri ko bugun zuciya. Ƙarancin jini yana zubar da gashi kuma babu man da zai gyara shi. Ki huta da kitso mai ja kamar yadda Anti ta ce. Minoksidil kuma ki bar shi tukuna tunda kina shayarwa. Gashi wajen santimita ɗaya yake yi a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka, saboda haka duk abin da za ki gwada sai kin ba shi wata uku zuwa shida kafin ki yanke masa hukunci.

Wajen da Anti ta ce ya yi sumul yana sheƙi, wannan tabo ne, saiwar ta mutu ramin ya rufe. In babu rami ina nanon zai shiga? Shi ya sa muke roƙon mata su zo da wuri.

Na maigida kuwa in ta tsakiya da gefen goshi ya fara, sanƙon gado ne, wani sinadarin maza da ake kira DHT ne yake tsuke saiwar a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri gajere har ya daina. Magungunan da aka fi tabbatar da su biyu ne. Minoksidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne aka ga masu sha suna yin gashi, Amurka ta amince da na shafawa a 1988. Sai finasterayid na sha a 1997, shi yana rage DHT ɗin, amma yana iya taɓa sha'awa a wasu mazan, kuma mai ciki ba ta taɓa fasasshen ƙwayarsa, don haka ba a saye a kemis haka kawai sai an ga likita. Dukansu in aka daina gashin da aka samu zai sake zubewa cikin watanni. In ya fi son ya gwada rosmari babu laifi, ya ɗauki hoton tsakiyar kansa yau a waje ɗaya da haske ɗaya, ya sake bayan wata shida, hoto ba ya jin kunyar kowa.

Abu na ƙarshe don na san iyaye suna karantawa, yaron da kansa ya yi faci-faci da garin fari da ƙaiƙayi makero ne, maganin sha yake so na makonni, kullum sai an kawo min wanda aka shafe wata uku ana shafa masa man darbejiya har ƙannensa sun ɗauka. Kuma duk man da aka ce na ganye ne zalla amma ya yi aiki kamar sihiri cikin kwanaki, ku yi hattara, akan samu waɗanda aka zuba wa minoksidil ko sitiroyid a ɓoye ba a rubuta ba.

Maman Biyu:

Dakta na gode Allah ya biya, jirin nan kam ina ji in na miƙe da sauri, na ɗauka rashin barci ne saboda yaran, ranar Litinin in sha Allahu zan je awo. Malam Ɗan Farmasi na sa kwastomar ta turo min hoton bayan kwalbar yanzun nan, abu na farko da aka rubuta shi ne paraffinum liquidum, sai man waken soya, sai turare, rosmarin shi ne na biyun ƙarshe, babu aqua babu wancan lecithin ɗin, lambar NAFDAC ma na duba sama da ƙasa ban gani ba. Mene ne shi na farkon?

Ɗan Farmasi:

Man farafin ne Hajiya, irin wanda ake yin man jarirai da shi, ɗan uwan basilin. Ba ya cutarwa, yana ma sa gashi santsi, amma mil 30 ɗinsa ko kusa da dubu 15 bai kai ba. Naki ma ya fi shi kayan arziki.

Maman Biyu:

Innalillahi, kai jama'a. To zan gaya mata dai a hankali kar ta ce baƙin ciki nake yi. Sitika kuma zan canza in an buga sabuwa, akwai guda tamanin da suka rage sai sun ƙare tukuna, Anti ki yi haƙuri. Shi kuma maigida na karanta masa bayanin Dakta na ce ya cire hula in ɗauki hoton tsakiyar kan, ya ce wai shi ba shi da wani sanƙo, aski ne wanzami ya zurfafa.

Baban Hula:

Haka ni ma na ce a 2011. Ki tambaye shi lamba nawa yake sawa, ina da zanna bukar guda biyu da suka yi min kaɗan.